A Dawo wa Baffa Cindo da Makararsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Biyanale,
Babban Bikin Nunin Fasahar Zamani na Duniya Mai Zagayowa Shekara Bibbiyu,
Jagoran masu kallo da hannu a baya, uban ɗakin masu baƙaƙen kaya,
A birnin nan naku na ƙasar sanyi, wanda ɗana ya yi ta faɗa mini sunansa harshena ya ƙi ɗauka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta ma'aikata manya da ƙanana, da ta masu gadi da masu shara, ina kuma tambayar lafiyar makararmu. Ina fata tana nan ƙalau, sanyi bai taɓa ta ba, kuma ba ta ba ku wata wahala.

Sunana Abdulmuhaimin, amma in ka zo Maigatari ka ce Mai Faci, ko akuya za ta nuna maka rumfata a bakin tasha. Karatuna na boko a aji biyar na firamare ya tsaya, ba don na gaji da makaranta ba, ita ce ta gaji da ni. Don haka idan ka ga wata magana ta karkace a takardar nan, ka miƙe ta da kanka, ko kuma ka rataye ta a bango yadda take, tunda na ji an ce karkatattun abubuwa sun fi daraja a wurinku. Na rubuto a buɗe ne kowa ya gani, domin saƙonnin da ɗana ya yi ta aika muku a rufe, wata na'ura ce take amsawa, ta ce ta yi farin cikin ji daga gare mu. Ni ba farin cikin na'ura nake nema ba. Makara nake nema.

Bari in faro maka daga tushe, don kada ka ce wani mahaukaci ne ya sami biro.

Ina da ɗa, Aminullahi. Na tura shi jami'a da niyyar ya dawo injiniya, ko aƙalla wanda zai iya tayar da janareta. Ya dawo ya ce shi mai fasaha ne. Na ce madalla, ga allon rumfata ya koɗe, a zana mini taya da famfon iska. Ya ce, "Baba, ni ba irin wannan nake yi ba. Ni aikina yin tambayoyi ne." Na ce, "Ɗan nan, uwarka Talatu shekara da shekaru tana yi mini tambayoyi, ko ƙofar jami'a ba ta sani ba." Duk da haka na sa masa albarka, domin yaro ne mai ladabi, kuma tambayoyin nasa ba ni yake yi wa ba.

Bara da kaka sai ga shi da baƙuwa daga wurinku. Ya ce ita ce mai zaɓen kayan da za a nuna a bikinku, inda kowace ƙasa take kawo abin da ya fi ɗaure kai. Mace ce doguwa, kai a aske, jan tabarau, baƙaƙen kaya tun daga wuya har ƙafa. Talatu na ganinta ta ce zazzaɓi ne ya cinye mata gashi, ta shiga ta dama mata kunun tsamiya. Matan unguwa suka sa mata Madam Tabarau, ni ma da shi zan kira ta, ba don raini ba.

Ta ce iyakar ƙasa da ke bakin garinmu ta zo gani, domin taken bikinku na bana iyaka ne. Muka kai ta. Ta dubi igiyar da aka gitta a hanya, ta dubi mai shayi, ta hango wani jandarma a tsallake yana shan rake, ta ga raƙuma suna ratsewa ta gefe ba wanda ya tambaye su takarda, sai na ga ranta bai so ba. Ina jin ta zo da tsammanin za ta tarar da mu muna kuka. Muka nuna mata hulunan da ake ɗinkawa a unguwarmu, da faya-fayan Talatu masu launi, da sirdin raƙumi mai ado irin wanda Buzaye suke kawowa ran kasuwa. Ta ce suna da kyau. Aminullahi ya raɗa mini cewa a wurinku idan aka ce abu yana da kyau, an gama da shi ke nan.

Muna dawowa sai ta leƙa zauren da ke jikin masallacin unguwarmu, wanda ni nake kula da shi saboda katangarmu ɗaya. A nan ta gan ta, jingine da bango.

Makara, ranka ya daɗe, in ba a gaya maka ba, ita ce gadon da muke ɗora mamaci mu kai shi makwancinsa. Tamu ta gwangwala ce, ɗaure da igiyar kaba. Inda igiya ta tsufa an ƙara waya, inda waya ta gaji an ƙara robar taya. Ba abar kallo ba ce. Yara in sun zo ƙofar zauren da gudu suke wucewa. Madam Tabarau kuwa ta tsaya ta dafe ƙirji, ta cire tabarau, ta mayar, ta yi wata doguwar magana. Aminullahi ya ce, "Baba, wai ba ta taɓa ganin abin da ya burge ta kamar wannan ba."

To a nan nake so ka saurara da kyau, domin a nan shari'ar take. A wurinmu, idan baƙo ya yaba abinka, ba ka cewa ka gode. Cewa kake yi, "Ai naka ne, ɗauka mana." Shi kuma ya ce, "A'a wallahi, Allah ya bar maka kayanka." Ka nanata, ya nanata, ya tashi da mutuncinsa, kai kuma ka tashi da mutuncinka da kayanka. Ni ta wannan hanya na ba da babur ɗina ya fi a ƙirga, na ba da hular Sallata, na ba da tunkiyar Talatu, na taɓa ba wani ɗan Damagaram gidana gaba ɗaya, kuma duk suna nan inda suke. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yabon makara ba, shi ya sa magabata ba su tanadi wata amsa daban ba. Bakina ya yi abin da aka koya masa. Na ce, "Ai taki ce, ɗauka mana."

Aminullahi, yaron da ban taɓa aikensa gishiri ya dawo da gishiri ba, ran nan ya isar da saƙona daidai, ko harafi bai zubar ba. Na tsaya ina jiran "a'a wallahi". Sai ta kama hannuna tana hawaye. Har yau ina jira.

Kashegari babbar mota ta tsaya a ƙofar masallaci, da wasu mutane masu farar safar hannu. Za ka ce me ya sa ba mu hana ba. Wa zai hana? Ni ba ni da bakin janye kyauta a gaban baƙuwa. Liman ya tafi Gumel ɗaurin aure. Dattawa suka tsaya kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Sai masu safar hannu suka ɗaga ta a karkace kamar masu ɗaukar katifa. Mu kuwa ba a ɗaga makara a gaban namiji ya tsaya da hannu a aljihu. Kafin ka ce kwabo kafaɗu sun shiga. Wannan ya karɓi wancan, wancan ya karɓi na gaba, masu wucewa suka jingine kekuna suka bi baya suna neman lada, mai tsire ya rufe tukuba, wani yana tambaya, "Wa ya rasu?" wani yana amsa masa, "Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne." Haka muka raka ta har cikin mota, da kanmu, a natse. Madam Tabarau ta ɗauki hoton bidiyon komai. Na ji an ce shi ma kuna nuna shi a wani ɗaki mai duhu, ana maimaitawa daga safe zuwa yamma. In ka shiga, ni ne na gaba a hannun hagu, mai hula a karkace.

Mai makarar ba ya gari ran nan. Baffa Cindo ke nan, ƙanen mahaifina, wanda ya fi kowa tsufa a unguwarmu, kuma ya fi kowa tsawo har yanzu da ya ranƙwafa. Ya je Sule Tankarkar duba 'yarsa. Shi ya haɗa makarar da hannunsa tun yana da ƙarfinsa, bayan ya ga an ɗauki wani dogon mutum ƙafafunsa suna reto a waje, ya rantse shi ba za a kai shi haka ba. Ya kwanta a ƙasa aka ja layi ta kansa da ta dugadugansa, ya ƙara taƙi guda, ya yanka gwangwala. Duk gajerun unguwarmu da suka riga mu gidan gaskiya, a wadace suka tafi albarkacin tsawon Baffa. Shi kuwa yana jiran ranarsa. Duk bayan damina sai ya je ya duba ɗauri, ya shafa baƙin mai saboda gara.

Da ya dawo aka gaya masa, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Muhaimin, da masallacin ta yaba fa?" Ni da shi duk mun san amsar.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi da girmamawa.

Na ɗaya. Shin a ƙasarku ba a koya wa yara ƙin karɓa? Mutum ya yi karatu har gashin kansa ya ƙare, ya san sunan kowane mai zane tun daga zamanin Fir'auna, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce, in an ce ka ɗauka, kada ka ɗauka? Ɗana ya ce baƙuwar ta rubuta littafi guda a kan muhimmancin sauraron mutanen karkara. Ta saurare ni kuwa, ranka ya daɗe. Tunda nake ba a taɓa saurarona kamar yadda ta yi ba. Da ma ta rage.

Na biyu. Aminullahi ya nuna mini a waya yadda kuka ajiye ta. Kun rataye ta daga rufi, a tsaye, kai ƙasa ƙafa sama, kun haska mata fitila, kun sa wata na'ura tana kukan iska a bayanta. Ina roƙon a juya ta, ko don mutuncin waɗanda ta ɗauka. Sa'an nan ga rubutun da kuka manna a gefe. Na sa yaron ya juya mini shi da Hausa. Wai, "Jikin da ba ya nan yana tuhumar iyakar da ba ta nan, a madadin waɗanda ba a tambaya ba." Kowace kalma na san ta, mun sha gaisawa a kasuwa, amma da suka taru wuri ɗaya sai suka yi kamar ba su san ni ba. Na ce ya sake karantawa a hankali. Ya sake. Ta ƙara nisa. Wuri ɗaya na gane, inda aka ce baƙar robar da ke ɗaure a gefe tana nuna raunukan da zamanin man fetur ya yi wa Afirka. Wannan robar ni na ɗaura ta, daga tayar wata motar albasa na yanko. Ban san abin da nake yi ke nan ba a lokacin, amma na ji daɗi ƙwarai, har na fara gaya wa direbobi su riƙa yi mini magana da ladabi. Ba su fara ba tukuna.

Kuma kun kewaye ta da igiya, kun rubuta kada a taɓa, kun ajiye ƙato mai kaki yana gadinta. Daga wa? Mu nan ta yi shekaru a zauren da ƙyaurensa ba ya rufuwa. Ɓarayi sun kwashe takalma a masallaci, sun ɗauke agogon bango, sun kwance lasifika, ba wanda ya taɓa kallon inda take. A tarihin duniya, mutanen da suka taɓa sha'awar ɗauke makara ku ne, kuma tana hannunku. Ku sallami bawan Allah nan ya je ya huta.

Na uku. Makara ta hau jirgin sama. Ba a tambaye ta sunan kakanta ba, ba a ce ta kawo takardar banki ba, ba a tsayar da ita a layi cikin rana ba. An yi mata akwati mai laushi a ciki, an sa mata na'urar auna zafi da sanyi, gatan da ni ban samu ba ko lokacin da ciwon shawara ya kwantar da ni. Aminullahi kuwa, wanda sunansa kuka rubuta a ƙarƙashinta a matsayin mai aikin, ko da yake iyakar aikinsa fassara ce, ya sayi kwat, ya yi aski, ya je neman biza don ya halarci buɗe biki. Aka ce ba a gamsu zai dawo gida ba. Ranka ya daɗe, ga shi nan a gida. Yanzu haka ina jin ƙarar murfin kwanonsa. Kullum yana dawowa, ko ba a kira shi ba, musamman lokacin tuwo. Wadda ba ta dawo ba ita ce wadda aka gamsu da ita. Duk wannan kuma a bikin da kuka ce kun shirya don ku nuna wa duniya zaluncin iyakoki. Na yarda, kun nuna.

Na huɗu. Wannan ba ƙorafi ba ne sosai, neman ilimi ne. Yaron ya ce duk zagayowar bikin nan, manyan masana sukan taru su rubuta cewa ya mutu. Wai ya zama kasuwar attajirai. Wai mutanen nan dai su ne suke yawo daga birni zuwa birni suna kallon juna. Wai hayaƙin jiragen da suke hawa su je kallon hotunan fari, shi ne yake kawo farin. Suna gama rubutawa sai su kama masauki don na gaba. Ɗaya daga cikinsu, Allah ya yi masa albarka, ya rubuta cewa kwaso kayan talakawa a rataye a gaban masu hali fashi ne da rana tsaka, har ya ambaci makararmu. Ran nan na yi murna, na saya wa Talatu balangu, na ce mun sami lauya. Sai na ji kun gayyace shi, kun ajiye masa kujera a ƙarƙashin makarar, ya zage ku tas, kun tafa, kun ba shi shayi, kun buga zagin a littafi kuna sayarwa a bakin ƙofa. Daga nan kuka yi taron kwana da kwanaki a kan wajibcin mayar wa mutane kayansu, aka tashi da shawarar a sake taro. Wane irin gida ne wannan, da zagi yake shiga ya fito da farashi a goshi? Ina tsoron ita ma takardar nan tawa ku sa ta a gilashi. In za ku yi haka, don Allah ku karanta ta tukuna.

Idan kuwa da gaske ne bikin ya mutu, to wannan fanninmu ne. Mu ba ma ajiye gawa shekara biyu. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar mun dawo muna karɓar gaisuwa. Ku aiko mana da kayan aikinmu, mu taimaka muku.

Na biyar. Tun da makara ta tafi, mutuwa ba ta ɗauki hutu ba. Duk wanda ya rasu sai mun je aro unguwar gaba. Tasu ta ƙarfe ce, wani ɗan takarar kansila ya ba su gabanin zaɓe. An shafe ta da launin jam'iyyarsa, an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a gefe biyu, da "Mai Tausayin Talakawa" a ƙasa. Bai ci zaɓen ba, amma har yau yana kamfe duk ranar da aka yi rashi. Kuma ba sa ba mu sai sun ja mana rai. "A'a, mutanen Turai ne? Taku ba ta gama karatun ba?" Ni ake turawa, wai tunda ni na jawo. In tsaya ina yaƙe, gawa tana jira a gida.

A gidana ma ban tsira ba. In baƙo ya yi sallama, Talatu sai ta kwashe tukwane da tabarmi ta kai ɗaka, ita ma ta shige ta turo ƙofa. Na ce, "Ke kuma fa?" Ta ce, "Malam, wani zai ce miyata ta yi daɗi, ban san inda zan kwana ba." Abokaina na tasha sun daina gaishe ni, sai yabo. "Kai, Mai Faci, wannan famfon naka!" Sai su tsaya suna jira. Mutumin da aka sani da kyauta duk faɗin Maigatari, yau in an yabi hulata sai in ce ta aro ce.

Na shida, kuma saboda shi na rubuta sauran biyar ɗin. Baffa ba shi da lafiya.

Tun faɗuwar damina ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya koma sai kunu. Ba jayayya yake yi da Mahaliccinsa ba, ya fi ni da kai sanin cewa in lokaci ya yi ba a neman shawarar kowa. Roƙo yake yi. Duk bayan salla ana jin sa yana cewa, "Ya Allah, ni na shirya, amma Ka san halin da ake ciki."

Liman ya zo ya yi masa nasiha cewa makara makara ce, ta ƙarfe ma tana kai mutum. Baffa ya ce a ɗauko ta a gani. Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Muka je muka aro, mutanen unguwar gaba suka biyo mu da ta'aziyya, suka tarar da mamacin a zaune a ƙofar gida yana ba da umarni. Ya kwanta a kai. Ranka ya daɗe, tun daga ƙwauri ƙafafunsa a waje suke. Ya ce a ɗaga. Muka ɗaga. Ya ce a yi tafiya. Muka zaga fili da shi, dugadugansa suna dukan ƙeyar Aminullahi, mata suna leƙe ta kan katanga, wasu na salati, wasu sun toshe baki da mayafi. Daga can sama ya ce, "To, Malam Liman, ka gani? Haka za ku ratsa gari da ni? Ga ƙafa a waje, ga sunan mutumin da ban zaɓa ba a haƙarƙarina?" Liman ya ce ai ana iya ɗan lanƙwasa gwiwa. Baffa ya ce, "Tun ina saurayi nake sunkuyawa a ƙofofin gajerun mutane. Tafiyar ƙarshe a miƙe zan yi ta." Kowa ya bushe da dariya. Da muka sauke shi sai na ga shi bai yi ba.

Na ce zan haɗa masa sabuwa, doguwa, har da ƙari. Ya ce, "Kai? Facinka ma kwana nawa yake yi?" Sa'an nan ya ce waccan ita ta kai yayansa, wato mahaifina, ita ta kai matarsa Iya, ita ta kai abokan da suka yi fataucin raƙuma tare, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da kafaɗarsa a ciki. "Duk sun hau, ni na raka su. Ni kaɗai za a ce in hau baƙuwa?"

Aminullahi ya sake aika saƙo, ya ce na gaggawa ne. Wannan karon mutum ne ya amsa, Madam Tabarau da kanta. Ta ce labarin Baffa ya girgiza ta, kuma ya ƙara wa aikin zurfi. Ta tambaya ko za a naɗo mata muryarsa a waya, a riƙa sawa a maimakon kukan iskar. Game da dawowa kuwa, ta ce albishirinmu: aikin ya karɓu, in an rufe bikinku za a wuce da ita wani bikin a gabashin duniya, daga can kuma akwai wani a kudu da ya nuna sha'awa. Ashe ba ku kaɗai ba ne. Ashe kowane birni da nasa, in wannan ya rufe wancan ya buɗe, abin da ya shiga layinku ba ya sake ganin gida.

Wannan albishir ban kai wa Baffa ba. Da ya tambaye ni me suka ce, na dubi ƙafafun nan nasa, na ce, "Baffa, ta taso."

Ranka ya daɗe, tun ran nan nake tuƙa motar da babu ita. Kullum da safe in na shiga gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "Ina ta iso?" Na sauke ta a Legas. Na riƙe ta a tashar jiragen ruwa iya yadda mutum zai yarda, kuma ba kaɗan ba ne. Na taso da ita a hankali, na tsayar da ita a kowane shinge. Na ƙarar mata da mai a Lakwaja. Na sa wa direba zazzaɓi a Kaduna, na aurar da ƙanwarsa a Zariya. A Kano na tura ta cikin cunkoso, Baffa ya ce wannan kam ya yarda, shi ma ya san Kano. Abin mamaki, maganin ya yi aiki. Da ta iso Zariya ya sha fura, da ta iso Kano har tuwo ya nema. Da na ga hanya tana ƙarewa sai na ɓatar da direban ya shiga ƙauyukan Gagarawa, na fito da shi, na sake ɓatar da shi ya yi Sule Tankarkar. Baffa ya ce, "Wannan direban, ajinku ɗaya a makaranta?"

Shekaranjiya bakina ya suɓuce, na ce ta iso Gumel.

Kai ba ka san Gumel ba. Daga Gumel zuwa nan, ko mai keke in ya taso da hantsi a nan zai yi azahar. Babu sauran wurin da zan ɓoye babbar mota a tsakani.

Baffa ya sa an wanke masa farar rigarsa. Ya sa an share zauren masallaci an yayyafa ruwa. Ya sa an fitar masa da tabarma ƙofar gida, inda ake hango titi, an jingina shi da bango. Duk motar da ta ɓullo daga kudu sai ya ɗaga kai, in ta wuce ya mayar. Ya daina zagina, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Yau da safe ya kira ni, ya kama hannuna, ya ce, "Muhaimin, ka ce wa direban nan ya daina tsayawa shan shayi. Ina riƙewa, amma na fara gajiya."

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba na neman a gayyace ni taro, ba na neman a ba ni haƙuri, kuma don girman Allah kada a rubuta littafi a kaina. Ku kwance ta daga rufi, ku sa ta a jirgin da ya fi sauri. In kuna tsoron wurin zai zauna fanko, ku bar wayoyin suna reto, ku bar fitilar a kunne. Na tabbata ba za a rasa wanda zai yi bayani ba, mai yiwuwa ma 'yan kallo su fi daɗewa a tsaye. Ba sai kun kawo ta har ƙofar gida ba. Ku dai kawo ta Gumel, inda na ce tana. Daga nan mu za mu ƙarasa.

Gobe da safe zai sake tambayata, kuma hanya ta ƙare mini.

Ina durƙushe a gaban kujerarka mai juyawa, hula a hannu, ina yi maka fatan tsawon rai, da ɗaukakar biki, da yawan masu zaginsa. Allah ya ja zamaninka, ya kuma ja na Baffa kaɗan.

Naka mai biyayya, wanda ido ɗaya yana kan takarda ɗaya yana kan titi,

Abdulmuhaimin Mai Faci,
Bakin Tasha, Maigatari.